Ta'aziyyar da Dattijon Bagadaza Ya Yi Mini

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da wani dattijo Bayahude ya yi mini ta'aziyyar mahaifina a birnin Riyad. Shekaru sun shuɗe, na dawo gida, furfura ta kama ni, amma duk sanda na ga an shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar wani gida sai abin ya dawo mini sabo fil.

A wancan lokaci ni direban gida ne. Kafin in tafi, malamin tarihi ne ni a wata sakandare a Zariya, sai rayuwa ta matse, wani ya samo mini biza, na ajiye alli na kama sitiyari. Mata ba su fara tuƙi a can ba tukuna, saboda haka duk inda uwargida da yara za su, ni ne ƙafarsu. Aikin ba shi da wata wahala in ban da jira. Ka kai yara makaranta ka jira. Ka kai uwargida kasuwar Dira ta ce maka yanzu za ta fito, har a kira la'asar tana ciki. Mutumin da ya saba da hayaniyar ɗalibai, a ce ya wuni cikin mota shi kaɗai yana kallon katangar ƙasa ta tsohuwar fadar Masmak, wallahi ƙwaƙwalwa tsatsa take yi.

A irin wannan zama ne wata rana ina lalube a waya na ci karo da wani aji na manya da ake yi ta intanet, a kan littattafan Yahudawa da tarihinsu da al'adunsu, aka kuma ce ƙofa a buɗe take ga kowa ko wane addini yake bi. Da farko na wuce abina. Sai malamin tarihin da ke cikina ya ce, kai, shekara nawa kana ba yara labarin mutanen da ba ka taɓa jin ta bakinsu ba? Na shiga ina waige-waige kamar ɓarawon kaza. Mutum ɗaya na gaya wa, wani abokina mutumin Maraɗi da ke dako a kasuwar kayan gwari ta Aziziya. Ya riƙe baki ya ce, "Malam, kowa ya zo ƙasar nan da dabino da zamzam yake komawa, kai kuma sai ka koma da karatun Yahudu? To ka dai riƙa sa abin sauraro a kunne, kada wani ya ji ka ja mana." Na ce masa imanina ba ƙwai ba ne da zai fashe don na saurari wani.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda suke karatu. Malamar ajin ta ce a al'adarsu ba a karanta littafi mutum shi kaɗai. Biyu-biyu ake zama, ɗaya ya karanta, ɗaya ya tare shi da tambaya, a yi ta gardama har ma'ana ta fito. Da ta ji ina jin Larabci sai ta haɗa ni da wani dattijo da aka haifa a Bagadaza, iyayensa suka fita da shi yana yaro, ya ƙare rayuwarsa a Ingila yana sayar da magani. Bai yi karatun addininsa da ƙuruciya ba, sai bayan matarsa ta rasu ya ga gida ya yi masa faɗi, ya koma ɗalibi da tsufansa. Ranar da fuskarsa ta fara bayyana a wayata, da ƙaton tabarau da 'yar hula a tsakar ka, ya gaishe ni da wani Larabcin Iraƙi mai kauri, ya ce, "Ɗana, an ce kai malami ne. To ni ɗalibi ne mara ji, ka shirya." Tun daga ranar nake ce masa Baffa.

Ba ƙarya ya yi ba. Ban taɓa ganin mutum mai son musu irinsa ba, ni kuma ga saurin fushi, sai muka dace. Ranar Asabar ba ya taɓa waya, don ranar hutun ibadarsu ce, ni kuma ranar Juma'a ina unguwar Sulai wajen 'yan'uwa muna cin tuwo, saboda haka tsakiyar mako muke haɗuwa, lokacin da uwargida ta shige kasuwa. Mun karanta tarihin Yahudawan da suka zauna cikin Larabawa, da bukukuwansu, da abin da suke ci da wanda ba sa ci. Ya kan yi dariya ya ce, "Ku da mu, duk mahaucinmu ɗaya ya kamata ya zama." Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban ce masa ya bar nasa ba. In an kira salla shi ne ma zai ce, "Tashi, ana kiranka, littafi ba ya gudu."

Da muka zo zaɓen abin da za mu karanta a littafinsu mai tsarki, ni na zaɓi ƙissar annabin nan da yayyensa suka jefa a rijiya, suka kai wa mahaifinsu rigarsa da jinin ƙarya. Na zaɓe ta ne saboda Babana. Babana tela ne, kuma muna yara wannan ƙissa yake ba mu yana taka keken ɗinki. Bai taɓa kai ta ƙarshe ido a bushe ba.

To a lokacin Baba yana kwance. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. In ƙanwata ta kanga masa waya a kunne, duk gaisuwar da zan yi kalma ɗaya yake iya mayar mini: "Yaushe?" A can kuwa ba ka fita ƙasar sai kafilinka, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ya yarda an buga maka bizar fita. Maigidana ba mugu ba ne, wallahi ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa zagina ba. Matsalarsa ɗaya, ba shi da wani direban. Na roƙa ya ce bayan azumi. Azumi ya wuce ya ce bayan Salla. Salla ta wuce aka koma makaranta, ya ce in yara sun gama jarrabawa. Kullum da murmushi, kullum "bukra in sha Allah," wato gobe. Ni kuma ga kunya irin tamu, kada a ce ka cika naci ga wanda kake cin abincinsa, sai in ce to, in koma mota.

Wata rana mun kai inda annabin ya fito daga kurkuku ya zama babba a Masar, sai Baffa ya ɗora yatsa a kan layi ya ce, "Tsaya. Ga mulki, ga dawakai, ga manzanni. Me ya hana shi aika wa tsohonsa cewa yana raye?" Na ce ikon Allah ne, komai da lokacinsa, annabi ba ya motsi sai da umarni. Ya ce, "Wannan amsa ce mai kyau, malamanmu ma wasu sun kusa da ita. Amma suna da wasu, kuma ba su rufe maganar ba. Kai me ka gani?" Ban san sanda na ce masa ba, "Baffa, duk girman baƙo a ƙasar wani, yana da maigida. Wataƙila shi ma bukra ake ta ce masa." Ya fashe da dariya har tabaransa ya zame. Can sai ya tsaya cak, ya matso da fuska ya ce, "Ɗana, maganar wa muke yi yanzu?"

Ranar na ba shi labarin Baba. Bai yi mini wa'azi ba. Ya dai ce, "Ka sake tambaya. In ya ce gobe, ka koma goben. Kunya ba ta taɓa kai kowa gida ba." Daga nan duk haɗuwarmu, kafin ya buɗe littafi sai ya ce, "Ka tambaya?" Har haushi ya riƙa ba ni. Na sake tambaya kuwa, na ma ɗan ɗaga murya, maigida ya dafa kafaɗata ya ce wallahi da an ajiye alƙalamin jarrabawa zan tafi. Saura 'yan makonni. Na kira gida na ce wa Baba na kusa, na ji yana wani sauti da ban san ko dariya ba ce ko kuka.

Da hantsi ƙanwata ta kira, ina dawowa daga kai yara. Da na ji ta yi sallama ta tsaya, na san an gama. Na gangara gefen titi na kashe mota. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, ni kuwa a daidai lokacin ina ƙofar makaranta ina jiran a tashi yara, don babu mai ɗauko su.

Da yamma na gaya wa maigida. Ya girgiza, ya yi mini addu'a, idonsa har ya kawo ruwa. Sai ya ciro wayarsa, ya danna nan ya danna can, kafin shayin da ke gabansa ya huce ya ce, "Shi ke nan, bizarka ta fita, ka tafi duk ranar da ka samu jirgi." Na tsaya ina kallon wayar nan. Ashe abin da na shekara ina roƙo bai kai shan shayi ba. Na ce, "In je in tarar da wa?" Na juya na fita. Jirgi dai sai ƙarshen mako aka samu.

Jama'a sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Waya ta yi ta ƙara, saƙonni suna ta shigowa. Ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, sai haƙuri, kowa can za shi. Ni kuma ina ta amsawa, haƙuri sai ma'aiki, amin, na gode. Abokina na Aziziya ya kira ina jin ihun 'yan kasuwa a bayansa, ya ce ba za a bar shi ya fito ba sai Juma'a. Kowa na ƙarƙashin wani. Na kira gida ina jin muryoyin mutane a kan tabarmi a ƙofar shagon Baba, ana shigowa ana fita, ni kuwa ina wani ɗan ɗaki a gefen get, ba wanda zai zo ya zauna kusa da ni. Hawaye ko ɗigo bai zo ba.

Washegari ranar karatunmu ce. Na riga na tura wa Baffa saƙo cewa Babana ya rasu. Uwargida ta ce in huta, ni na ce gara in fita, don ɗakin ya ishe ni. Na kai ta Dira, na samu 'yar inuwa na faka. Lokaci na yi waya ta yi ƙara. Na ɗauka, ga Baffa zaune, ya sa baƙar kwat kamar mai shirin fita unguwa, littafin yana gabansa a rufe.

Bai ce komai ba, ko gaisuwar da ya saba bai yi ba. Ni kuma na gyara zama ina jira, don a wajenmu wanda ya zo gaisuwa shi ke fara magana, mai makoki amsawa kawai yake yi. Na jira ya ce ya haƙuri, ko da irin nasu ne. Shiru. Na ce ko hoton ne ya tsaya, na ɗaga wayar sama, na leƙa da ita ta taga. Sai na ga ya ƙifta ido, na ga labule na motsi a bayansa. Ashe yana nan, yana kallona, ya dai ƙi magana ne.

Kai, ranar na ji ɓacin rai! Duk maganganun da na taso ina ji a kan mutanensa suka taso mini lokaci guda. Na ce a raina, ashe duk dariyar nan ta banza ce? Mutumin da ba ya iya rufe baki a kan layi ɗaya na littafi, yau uban abokin karatunsa ya mutu ya rasa kalma ɗaya? Na kai yatsa zan kashe wayar, sai zuciya ta ce a'a, sai ka gaya masa.

Na ce, "Baffa, ba ka ga saƙona ba ne? Babana ya mutu! Mutumin da kullum kake cewa in je in gani, ya mutu ban je ba!" Ya gyaɗa kai a hankali, bai ce uffan ba. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce ka san ko wane ne shi? Daga nan bakina ya ɓalle. Ban san inda Larabci ya tsaya Hausa ta karɓa ba. Na gaya masa yadda Baba yake ɗora ni a kan ƙarfen kekensa ya kai ni makaranta, gemunsa na sukar ƙeyata. Na gaya masa yadda in ya kai wajen rijiya a ƙissar nan yake tsayar da keken ɗinki ya ce mu je mu yi alwala, don kada mu ga idonsa. Na gaya masa ranar da zan taho, a tashar mota, ya ga maɓallin rigata na lilo, ya zaro allura daga hularsa ya ɗinke shi ina tsaye, mutane na kallo ina jin kunya, ya sunkuya ya gatse zaren da haƙori a kan ƙirjina. Wannan ne kusantarmu ta ƙarshe, ni kuma a lokacin Allah-Allah nake ya gama kada mota ta cika. Ina kai nan hawayen da suka ƙi zuwa suka ƙwace mini. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro, mutane na wucewa da ledojin turare suna leƙe.

Da na ɗago, fuskar dattijon nan sharkaf take da hawaye. Ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce, "Yanzu na sami izinin magana." Ya ce a wajensu wanda ya je gidan makoki ba ya gaisuwa, ba ya fara cewa komai, zama yake yi har mai rashin ya buɗe baki da kansa, don shi kaɗai ya san abin da ke cinsa. In bai yi magana ba, a zauna tare a tashi. Ya ce sun koyi haka ne daga abokan annabin nan mai haƙuri da aka jarrabta da cuta, da suka zo suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya tanka. "Kwat ɗin nan ma don kai na sa," in ji shi, "gidanka na zo." Kunya ta rufe ni, na ce Baffa ka yafe mini, na zaci wulaƙanci ne. Ya ce, "Na ga alama. Na ce ko dai ka zage ni ko ka yi kuka, duk wanda ya zo alheri ne. Yanzu sake ba ni labarin maɓallin nan da harshen da nake ji, rabinsa ya wuce ni."

Na ce mu buɗe littafi ko zan sami sauƙi, ya ce a'a. A wajensu mai makoki ba ya karatu, don karatu daɗi ne, kuma ba a gaggauta wa mutum daɗi. Kullum ya riƙa kira a wannan lokaci har na tafi, ya zauna, littafi a rufe. Na ce masa mu kwana uku muke zama, ya ce, "Mu bakwai. Ka yi ukunka, ragowar na ba ka aro."

Na je gida na tarar an naɗe tabarmi. Ƙanwata ta nuna mini kabari, na tsaya na yi addu'a, na shiga shago na ga keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Bayan na koma Riyad muka ci gaba daga inda muka tsaya, har muka kai ranar da uban ya iso Masar, ɗan ya fito tarbarsa ya rungume shi yana kuka. Layina ne na karantawa. Na fara, murya ta ƙi. Baffa ya jira, da ya ga ba zan iya ba ya karanta mini har ƙarshe. Ranar ce kaɗai muka rufe littafi ba mu yi musu ba.

Shekarar da ta biyo baya shi ma ya tafi. 'Yarsa ce ta kira ni da wayarsa, tana zaune a wata 'yar gajeruwar kujera irin wadda masu makokinsu ke zama a kai, ta ce ya bar wasiyya a sanar da abokin karatunsa. Bakina har ya buɗe zai ce ya haƙuri, sai na tuna. Na gyara zama cikin motar nan na yi shiru. Mun daɗe a haka, sannan ta ce, "Ka san kullum sai ya yi mana gardama a kan gishirin miya?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni kuma ina saurare.

Na shiga ajin nan don in san tarihin wasu, na fito da abin da ya shafi kaina. In iyayenka na raye kuma suna tambayarka yaushe, kada ka karɓi gobe daga bakin kowa, kunya ba za ta dawo maka da su daga kabari ba. In kuma ka je gaisuwa, ka yi sallama ka yi addu'a yadda addininmu ya koyar, amma kada ka toshe bakin mai rashi da haƙuri-haƙuri ka kaɗe riga ka tashi. Zauna tukuna. Wataƙila akwai wani maɓalli da yake so ya ba da labarinsa, bai sami wanda zai yi shiru ya ji ba.